Dare Huɗu a Soron Malam Kalilu

"Wato duniya duka ta yi kuskure, kai kaɗai ke da gaskiya?" in ji Inna Hajo, matar Malam Kalilu.

"Ban ce duniya ba. Na ce su sake dubawa." Malam Kalilu ya buga sandarsa a ƙasa. "Shekara goma sha tara ina aika masu lamba, ba su taɓa maido mani ko ɗaya ba."

"A lokacin, da idonka kake aikawa."

"Yanzu ma da ido nike aikawa."

"Idon wa? Ka gaya wa Suwaiba idon wa ne?"

Malam ya juya fuska wajen katanga. Ni ina tsaye a bakin zaure da waya a hannu. Ni na kawo saƙon da ya tada rigimar, kuma idon da suke magana a kai nawa ne.

"Yaron nan bai taɓa yi mani ƙarya ba," in ji Malam. "In ya ce sha biyu, sha biyu ce."

Inna ta ɗago ta dube ni. Na dubi silifas ɗina.

Malam Kalilu shi ya koya mana fiziks a sakandare kafin ya yi ritaya. Gidanmu yana jikin nasa a Jibiya. Yana da madubin hangen taurari, wani farin bututu a kan ƙafa uku, wanda ya saya tun ina goye. 'Yan unguwa suna ce masa bindigar Malam. Da shi yake hawa soro bayan Isha'i ya duba tauraruwa ɗaya, ita kaɗai, duk daren da sama ta buɗe. Tana da sunanta na Turawa, amma shi Mai Tiyo yake ce mata.

"Ba ɗaya ba ce, biyu ne," ya gaya mani ranar da ya fara nuna mani ita. "Suna zagaya juna kusa-kusa. Ƙaramar ta fi nauyi, tana zuƙar iskar jikin babbar, kamar yadda kake zuƙo fetur da tiyo daga tanki. Abin da ta zuƙo ba ya faɗa mata kai tsaye, taruwa yake kewaye da ita kamar faifai. Ya taru, ya taru, ran da ya yi yawa sai ya ɗau zafi ya haska. Ta yi kamar kwana goma a farke, ta koma barci. Ba wanda ya san ranar tashinta."

Da lamba ake auna hasken, kuma a juye: in lamba ta yi girma, haske ya yi ƙasa. Sha biyu, tana barci, da ƙyar madubin ke kamo ta. Takwas, ta farka. Akwai takarda mai zanen taurarin da ke kewaye da ita, kowace da lambarta da ba ta canzawa. Ka dubi Mai Tiyo, ka dubi maƙwabtanta, ka ce ta fi wannan, ba ta kai waccan ba. Aikin ke nan. Sai ka rubuta lokaci da lamba, a aika wa wata ƙungiya a ƙasar waje da ke tara irin wannan daga mutane ɗari-ɗari.

Doka ɗaya Malam yake da ita. In ka duba ba ka gan ta ba, ka ce ban gani ba. In ba ka duba ba, ka ce ban duba ba, a ja layi a gurbin. Littattafansa cike suke da irin waɗannan layuka, na damina, na zazzaɓi, na ranar da aka yi masa rasuwa. Bai taɓa jin kunyarsu ba.

Yanar ido ta riƙa rufe masa gani a hankali. A farkon damina ya zame a matakala ya gurɗe ƙafa, Inna ta rantse ba zai ƙara hawa ba. Ni kuma shekarata biyu da gama makaranta, ban samu gaba ba. Fetur nake sayarwa a kwalba a bakin titi, shi ma aka zo aka hana. Sai na zama idonsa. In hau soro da madubi da tocila mai jar leda a baki, shi ya zauna a tsakar gida da littafi a cinya. In duba, in faɗi lamba, ya rubuta da manyan baƙaƙe, hancinsa kusa da takarda. Da sunansa ake aikawa. Ban taɓa tambayar dalili ba, shi ma bai faɗa ba.

Sai maganar Suwaiba. Ɗalibarsa ce tun da, yanzu Dakta ce a wata jami'a a ƙasar waje, kuma irin waɗannan taurarin ne aikinta. A bara ta samu izini: akwai wasu manyan faya-fayan sauraren sama da za a juya mata su kalli Mai Tiyo, sau ɗaya tak, na 'yan awanni, ranar da ta ce a juya. Ba tsakiyar hasken take so ba. Farkonsa take so, lokacin da faifan iskar nan da ke kewaye da ita ya fara ɗaukar zafi. Don haka ta zauna tana jiran masu dubawa su ce ta motsa. Ta gaya wa Malam a waya cewa a cikinsu duka, nasa ta fi yarda da shi. Kwana uku ya yi yana maimaita wa Inna maganar.

A kakar shekarar aka yanke mana sabis saboda ɓarayin daji. Waya ta zama tocila. Mai son magana da waje sai ya sa layin Nijar ya tafi Magama, can kusa da iyaka. Kowace safiya nake zuwa. Mutane su cika wani tudu a bayan inda manyan motoci ke jira, kowa ya ɗaga waya sama, direbobin Maraɗi suna ce wa juna rezo ya zo, rezo ya tahi, wato sabis. In tura lambar jiya ga ƙungiyar da kuma Suwaiba, in dawo.

Ranar Litinin, a hanyar dawowa, 'yan sintiri suka tare ni. Lawwali ne a gaba. Aji biyu ya girme ni a makaranta, yanzu yana rataye da bindigar toka.

"Ɗan boko, kawo wayar."

Na miƙa. Ya yi ta ja da yatsa.

"Mi ne ne wannan? Takwas da minti goma, sha biyu. Takwas da kwata, sha biyu. Kullum, kullum. Kuma lambar ƙasar waje."

"Tauraruwa ce."

Na bayansa suka yi dariya. Ɗaya ya ce a tambaye ni ko tana da ƙanwa.

Lawwali bai yi dariya ba. Ya ja ni gefe, ƙarƙashin wata bedi.

"Ni na san Malam. Ya zane ni a aji ya fi a ƙirga. Na san bindigarshi ba ta tashi. Amma ba ni kaɗai ke sintiri ba, Nafi'u. Akwai waɗanda suka gudo daga ƙauye, an ƙone masu rumbu, an kashe masu 'yan'uwa, kuma ba su yi fiziks ba. Sun ga mutum bisa soro da bututu, da jar wuta tana kamawa tana mutuwa. Da safe sun ga mutumin nan a Magama shina aika lokaci da lamba. Kai in kai ne, mi za ka ce?"

Na dubi wayata a hannunsa.

"Satin jiya an kama wani da sunan infoma. Ka ji an maido shi?" Ya saka mani wayar a aljihun gaba, ya daddaɓa aljihun. "In aka sake ganin bututun nan, ba ni zan zo ba."

Da aka idar da Isha'i na shiga gidan Malam kamar kullum. Na ɗauki madubin na hau. Na ajiye shi a kwance a bayan rawanin soro, ni ma na kwanta kusa da shi. Rufin yana da sauran ɗumin rana. Sama ta wanku tas, kamar yadda take yi in damina ta ɗauke. Ina jin Inna tana ɓarar gyaɗa a ƙasa, ina jin takun wasu a lungu.

Na yi niyyar in ce gajimare. Amma Inna tana ganin taurari ko shi ba ya gani. Na yi niyyar in ce ban duba ba. Sai ya tambayi dalili, sai in faɗa, gobe ya ɗauki sanda ya tafi wurin 'yan sintiri ya yi masu darasi. Haka na gaya wa kaina. Gaskiyar ita ce ban so ya ji muryata ina cewa tsoro nake ji.

"Nafi'u," ya kira daga ƙasa. "Ka same ta?"

Kwana arba'in da wani abu tana sha biyu. Dare ɗaya ba zai canza komai ba.

"Sha biyu, Malam."

"Lokaci?"

"Takwas da minti biyar."

Na ji ƙarar biro a kan takarda. Ya ce, "Ta daɗe da yawa. Ta kusa."

Daren Talata ya fi sauƙi. Ko madubin ban kwance daga buhunsa ba. Na ce sha biyu da ɗigo ɗaya, don kada lambar ta yi kama da ta jiya. Wannan ɗigon ya fi komai damuna yanzu. Wanda tsoro ya kama ba ya tsayawa ƙara ɗigo.

Magama kuwa ban daina zuwa ba. Can mutum ɗari ne ke ɗaga waya, a soro ni kaɗai ne. In tura, in goge, in kashe wayar. Ranar Alhamis na ga saƙon murya daga Suwaiba yana ƙoƙarin sauka, da'irar tana juyawa. Na hango wani mai bindigar toka yana sayen shayi. Ban jira ba. Da dare na sake kwanciya a rufin na ce sha biyu.

Safiyar Juma'a saƙon ya sauka. Biyu ne ma. Na saurare su a bayan wata tirela mai buhunan masara.

A na farko muryarta da sauri take. Ta ce Malam, don Allah a sake dubawa, akwai abin da bai daidaita ba.

A na biyu ta yi sanyi. Ta gaishe shi, ta tambayi Inna, ta tambayi ƙafarsa. Sannan ta ce ranar Talata gajimare ya rufe yawancin masu dubawa. Rahoto biyu kawai ta samu. Wani mutum a Turai ya ce ya hango ta ta cikin gajimare, kamar ta kai sha ɗaya, amma bai tabbata ba. Malam kuma ya ce sha biyu da ɗigo ɗaya, sama a buɗe. Ta ɗauki na Malam, ta ce a jira. Kafin daren Laraba Mai Tiyo ta kai takwas da rabi. An juya faya-fayan, amma farkon ya wuce, kuma damar guda ɗaya ce. Ta ce ba komai, haka aikin yake. Sai dai ƙungiyar ta ga rahoton Laraba yana cewa sha biyu alhali kowa na ganin takwas, don haka sun sa alamar shakka a kan duk abin da ya aiko bana, kuma za su sake bin na baya.

Ta ce, "Malam, ko idon ne? In shi ne, ka gaya mani. Ba abin kunya ba ne."

Na tsaya a wurin har yaron motar ya ce in matsa za su tashi. Na yi tunanin in goge saƙon. Amma za ta sake aiko wani, ko ta nemi wani ya zo har gida. Na kawo, na kunna masu a tsakar gida. Daga nan rigimar ta fara.

Bayan Malam ya ce ban taɓa yi masa ƙarya ba, Inna ta kwashe kwanuka ta shiga madafi. Shi kuma ya ci gaba da nemo dalilai. Wataƙila madubin ya goce, na kama wata tauraruwar a maƙwabta. Wataƙila takardar zanen ta tsufa. Kuskure ne, ya ce, kowa na yi, shi ma ya taɓa yi a shekararsa ta biyu, ya rubuta masu ya gyara.

"Ko ba haka ba, Nafi'u?"

"Wataƙila, Malam."

Na raka shi masallacin Juma'a, hannunsa a kafaɗata. Ban ji huɗubar ba.

Da aka yi Isha'i ya ce zai hau.

"Ba inda za ka hau," in ji Inna. "So kake ɗaya ƙafar ma ta tahi?"

"Hajo, riƙe mani littafin."

"Kai da ba ka ganin tuwo a kwano, tauraruwa za ka gani?"

"In tana takwas, ko makaho ya gan ta. Riƙe."

Ta riƙe. Ta biyo mu a baya tana mita, hannunta ɗaya a bayan rigarsa. Matakala goma sha ɗaya ce, mun ɗau lokaci. A sama ya tsaya yana numfashi, ya ɗaga fuska, ya ce iskar nan ya yi kewarta.

Na kwance buhun. Ƙullin igiyar ya ƙi saki, na ranar Litinin ne, na ja shi da ƙarfi a lokacin. Sai da na sa haƙori. Malam yana saurare.

"Wanga ƙulli ya kwana biyu," ya ce.

Na kafa ƙafafun, na ɗaga bututun sama da rawanin soro, inda duk mai wucewa a lungu zai gani. Na bi taurarin da na saba bi, daga mai haske zuwa biyun da ke gefenta, zuwa ɗan kusurwar da take zama a ciki.

Ban ma buƙaci takarda ba. Inda na saba matse ido in nemo ɗan ɗigo mai shuɗewa, yau wata fara ce, mai ɗan shuɗi, ta fi duk na kewaye da ita. Wata biyar ina hawa soron nan. Sau ɗaya ta tashi a tsakiyar damina, gajimare ya hana mu. Ban taɓa ganinta a farke ba sai ranar.

"Matsa," in ji Malam.

Na kama hannunsa na ɗora a kan madubin. Ya sunkuya, ya sa idon dama. Ya daɗe. Ya sa na hagu. Ya murza abin daidaitawa gaba, ya murza baya. Ya miƙe a hankali, ya share idon da hannun riga.

"Hayaƙi kawai," ya ce. "Nawa ka gani?"

"Takwas da rabi."

Ya karɓi littafin daga hannun Inna, ya zauna a kan buhun. Ta haska masa jar tocila. Ya buɗe biro. Bai rubuta ba.

"Wadda ke takwas da rabi ba ta ɓata a madubi," ya ce. "Ko ka goce, sai ta jawo idonka."

"Ban duba ba, Malam."

A ƙasa hasken wata tocila ya shigo lungun. Maza biyu, suna hira a kan farashin gero. Hasken ya bi katanga, ya hau, ya taɓa farin bututun, ya tsaya kaɗan. Ɗaya ya ce, "Malam, barka da dare." Malam ya ce barka kadai. Suka wuce.

Na gaya masa komai. Lawwali, bedi, aljihu. Yadda nake kwanciya. Litinin, Talata, Laraba, Alhamis. Ban ɓoye ɗigon ba. Maganar ba ta yi tsawo ba, na yi zaton za ta fi haka.

Inna ta ce, "Yaro ne, Malam. Kashe shi za su yi. Kai ma da ka gaya wa yarinyar nan gaskiya tun farko, da ta san da wa take aiki."

"Na sani."

"To."

"Na ce na sani, Hajo."

Bai ɗaga murya ba. Na so ya ɗaga. Na so ya ɗauki sandar nan kamar yadda yake yi a aji. Ya juyo wajen da yake zaton nake, ya ɗan kauce, yana magana da ƙafar madubin.

"Da ka ce ba ka duba ba, da layi zan ja. Layi huɗu. Da ta ɗauki na Baturen."

"Na sani, Malam."

"Gobe ka tahi Magama. Ka ce mata idon ne. Ba ƙarya ba ce, idon ne. Ka ce mata tun farkon damina ba ni ke dubawa ba, kuma ni na ɓoye. Ka ce su cire na dare huɗun nan."

Ya sa biro ya soke layi huɗu na ƙarshe, ɗaya bayan ɗaya, yana lalube da yatsa. Ya tsaya a kan na biyar, na ranar Lahadi. Ranar na duba. Na tuna har sauron da ya cije ni a wuya ina dubawa. Ya juya shafi baya. Ya sake juyawa. Duk rubutunsa ne, manya-manya, duk daga bakina: sha biyu, sha biyu, sha ɗaya da ɗigo tara, sha biyu. Wata biyar.

Na buɗe baki in ce waɗannan duk gaskiya ne. Sai na ji yadda za ta fito, da muryar nan dai da ta ce takwas da minti biyar.

Inna ta gyara riƙon tocilar. Mai Tiyo tana can a cikin bututun, ba mai kallonta. Malam ya ɗora yatsa a kan shafin farko, na daren da na fara hawa.

"Kai ka ce dare huɗu ne," ya ce. "To wa zan tambaya, Nafi'u?"